Wa Ya Auna Ruwan Saman Zamanin Ƙanƙara?

Wani malamin jugurafiya a makarantar sakandare a Maiurno, jihar Sinnar ta ƙasar Sudan, ya rubuto yana cewa: "Assalamu alaikum Dakta. Na gaya wa ɗalibaina cewa Tafkin Tana na Habasha, inda Shuɗin Nilu ya samo asali, ya taɓa ƙafewa ƙaf a zamanin ƙanƙara, kamar yadda na karanta. Sai wani yaro ya ce mini, 'Ustaz, wa ya auna ruwan saman lokacin?' Na ce masa daga lakar ƙasan tafki ake ganewa, amma ni kaina ban gamsu da amsar ba. Yaya laka za ta faɗi yawan ruwan sama? Kuma idan duniya ta yi sanyi, ni sai in zaci ruwa ƙaruwa zai yi, ba raguwa ba."

Wa alaikumus salam Ustaz. Ka gaishe mini da yaron nan, domin tambayarsa ita ce wadda masu wannan fanni suke fama da ita har yau. Abu biyu ka haɗa a wasiƙarka: dalilin da ya sa sanyin duniya ya zo wa ƙasashenmu da fari, da kuma hanyar da ake bi a karanta wannan fari daga laka. Amsar da za ka fara ba yaron ita ce babu wanda ya auna, kuma laka ba ta faɗin milimita. Abin da take ajiyewa shi ne halin da tafkin kansa ya shiga, ko ya cika ya tumbatsa, ko ya janye ya yi gishiri, ko ya bushe har ciyawa ta fito a gindinsa. Daga wannan hali ne muke komawa da baya mu ƙiyasta ruwan sama, kuma a wannan komawar ne aikin yake, a nan ne kuma ake yin kuskure.

Abin da ya sa sanyi ya kawo fari

Zamanin ƙanƙara na ƙarshe ya kai ƙololuwarsa wajen shekaru 21,000 da suka wuce. A lokacin ƙanƙara mai kaurin kilomitoci ta rufe Kanada da arewacin Turai, kuma ruwan da ta daskarar ya sa teku ta ja baya da kusan mita 120, har mashigar Babul Mandab ta ƙuntata, Bahar Maliya ta ƙara gishiri matuƙa. A nan yankinmu ƙanƙara ba ta sauko ba sai a kan manyan duwatsu irin su Kilimanjaro da tsaunukan Habasha, amma sanyin ya taɓa abin da daminarmu ta dogara a kansa.

Damina, wadda a nan muke kira kharif, tana zuwa ne saboda a bazara ƙasa tana ɗaukar zafi fiye da teku, iskar da ke kanta ta tashi sama, sai iska mai laima ta kwararo daga teku ta maye gurbinta. Shi ya sa manomi ba ya jin haushin zafin watan Mayu, ya san shi ke jawo hadari. To idan teku ta yi sanyi, tururin da ke tashi daga cikinta zai ragu, kuma iska mai sanyi ba ta iya ɗaukar laima da yawa, domin duk digiri ɗaya da zafi ya sauka, abin da za ta iya ɗauka yana raguwa da kusan kashi 7 cikin 100. Bayan wannan, layin da damina ke bi yana karkata ne zuwa ga ɓangaren duniya da ya fi ɗumi, saboda haka da arewa ta daskare sai ya daina hawowa inda ya saba kaiwa. Abin ya fi muni wajen shekaru 17,000 zuwa 16,000 da suka wuce, lokacin da tarin duwatsun ƙanƙara suka ɓalle daga Kanada suka narke a arewacin Tekun Atilantika, suka raunana igiyar ruwan da ke kai ɗumi arewa. A wannan tsakanin ne Tana ya ƙafe. Tunaninka cewa sanyi yana rage shanyewar ruwa daidai ne, kuma zan dawo kansa, sai dai raguwar ruwan sama ta rinjaye shi.

Yadda ake ciro lakar

Ka dubi hafir, wato ramin tara ruwan damina, da ke kusa da kowane ƙauye a nan. Kowace damina ruwa yana shigowa da laka, ta kwanta, ganye da ƙwari su faɗa su nutse, iskar rani ta yayyafa ƙura a kai, wata daminar ta zo ta rufe. Ranar da aka zo yashe shi, wanda ya duba gefen ramin zai ga hawa-hawa, na ƙasa ya girmi na sama. Haka tafki yake, sai dai shi ba a taɓa yashe shi ba. A tsakiyar tafki mai zurfi, inda babu igiya kuma babu iskar da tsutsa za ta shaƙa balle ta tona, lakar tana kwanciya a hankali, sau da yawa ƙasa da milimita ɗaya a shekara, har mita guda ta iya ɗaukar tarihin shekara dubu ko fiye.

Kafin a taɓa lakar, ana zagaya tafkin da jirgi ɗauke da na'urar da ke aika sauti zuwa ƙasa ta karɓi amsa-kuwwarsa, a sami hoton yadda hawan suka jeru, a zaɓi wurin da ba su yanke ba. Sannan a tura bututu a ciro lakar tana sanda guda. Ga dogon tarihi kuwa sai an ɗora injin haƙa irin na rijiyar burtsatse a kan babban kwale-kwale, kamar yadda aka yi a Tafkin Bosumtwi na Gana a 2004 da Tafkin Malawi a 2005. A ɗakin bincike ana tsaga sandar biyu a tsawonta, a ajiye rabi ba a taɓa ba saboda masu zuwa daga baya. Ranar farko da na tsaga irin wannan sanda, abin da ya fara tarbata wari ne kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, sannan na ga laka baƙa wuluk mai santsi kamar man shanu, can ƙasa kuma ta koma toka-toka mai tauri har wuƙa tana ƙara a kanta. Malamina bai ce komai ba, ya ɗora yatsana a kan iyakar da ke tsakaninsu, ya ce in faɗa masa abin da ya faru a nan. Kafin awa guda baƙin ya fara dusashewa saboda iska ta taɓa shi, abin da ya sa ake ɗaukar hoto nan take, a naɗe sandar a kai ta ɗakin sanyi.

Shaidun da ke cikinta

Shaidar da ta fi kowace ƙarfi ita ce wadda ido ke gani ba tare da madubi ba. A 1996 Thomas Johnson da abokan aikinsa suka bayyana abin da suka samu a ƙasan Tafkin Biktoriya, mafarin Farin Nilu, tafkin da faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 68,000. A ƙarƙashin lakar tafkin, a wurare masu zurfi, sun tarar da ƙasar tudu mai alamun bushewa da saiwoyin tsirrai. Saiwa ba ta tsirowa a ƙarƙashin mita hamsin na ruwa, saboda haka wurin fili ne a lokacin, kuma ruwa bai dawo ya rufe shi ba sai wajen shekaru 15,000 da suka wuce. Irin wannan shaida Henry Lamb da abokansa suka wallafa a 2007 game da Tana, wanda zurfinsa bai wuce mita 14 ba: busasshen gindi mai tauri, a kansa ragowar fadamar ciyawar burdi, sannan lakar cikakken tafki. A kan wannan kana iya tsayawa gaban ajinka ba tare da shakka ba.

Sauran shaidun sai da madubin ƙara girma. Akwai wasu ƙananan tsirran ruwa da ake kira dayatom, kowanne da kwanso irin na gilashi wanda ba ya ruɓewa, kuma kowane jinsi da ruwan da yake so: wani sai ruwan daɗi mai zurfi, wani sai bakin gaɓa, wani kuma sai ruwan kanwa. Mai binciken yana ƙirga ɗaruruwansu a kowane hawa, idan masu son kanwa suka mamaye ya san tafkin ya janye ya daina malala. Aiki ne mai cin ido, ni na yi shi na tsawon shekaru, kuma shi ya saka ni tabarau. Girman ƙwayar lakar ma magana ce, domin yashi a tsakiyar tafki yana nufin ko dai gaɓa ta matso kusa, ko kuma ambaliya mai ƙarfi ta turo shi, kuma ka ga waɗannan ma'anoni biyu kishiyoyin juna ne, ɗaya fari ɗaya ruwa. Ba a yanke hukunci da shaida guda saboda irin wannan.

Ƙurar furanni kuwa ta daɗe tana yaudarar mu. Kowace bishiya da ciyawa tana da tata siffar, kuma tana daɗewa a laka dubban shekaru. An daɗe ana cewa idan ƙurar itatuwan kurmi ta ragu ta ciyawa ta ƙaru, to fari ne ya shigo. Sai dai a zamanin ƙanƙara iskar kabon da tsirrai ke shaƙa ta sauka zuwa kusan kashi 190 cikin miliyan, alhali kafin zamanin masana'antu tana wajen 280. Ciyawa irin dangin dawa da gero ta fi bishiya iya rayuwa da ƙarancin wannan iska, saboda haka za ta iya cinye daji ko da ruwan sama bai ragu sosai ba. Wanda ya karanta ƙurar fure ita kaɗai zai iya zuzuta farin fiye da yadda yake. Wannan ne ya sa a shekarun baya-bayan nan aka koma ga kakin da ke lulluɓe da ganye, wannan sheƙin da kake gani a ganyen mangwaro. Kakin yana wankewa ya shiga tafki, yana kuma ɗauke da haidurojin na ruwan da tsiron ya sha. Haidurojin iri biyu ne, mai nauyi da marar nauyi, kuma a ƙasashe masu zafi idan ruwa ya yi yawa kason mai nauyin yana raguwa a cikinsa. Da wannan hanya Jessica Tierney da abokanta suka fitar da tarihin shekaru 60,000 daga Tafkin Tanganyika a 2008. Ita ce hanyar da ta fi kusa da ruwan saman kansa, amma ita ma tana da nata aibin, musamman a yankinmu, domin laimar da ke sauka a tsaunukan Habasha wani ɓangarenta daga Atilantika yake ta kan dajin Kwango, wani daga Tekun Indiya, kuma kowace da nata tambarin. Idan iska ta sauya hanya, kakin zai sauya ko da yawan ruwan bai motsa ba.

Sanin shekarun kowane hawa

Duk wannan ba shi da amfani in ba a san lokacin da hawan ya kwanta ba. Babbar hanya ita ce kabon 14, wanda kowane mai rai ke ɗauka yana raye, bayan ya mutu kuma rabinsa ya ɓace duk bayan shekaru 5,730, har ya zama ba a iya auna shi bayan kimanin shekaru 50,000. Abin da ya wuce haka sai a nemi wata dabara, kamar auna ranar da ƙwayar yashi ta rabu da hasken rana, ko a dace da tokar dutsen aman wuta da aka san lokacinsa. A lakar Malawi an tsinci ɓurɓushin tokar dutsen Toba na Indonesiya, wanda ya fashe kusan shekaru 74,000 da suka wuce, sai ta zama turken da aka ɗaure lissafi a jikinsa.

A nan ni kaina na taɓa tuntuɓe. Muna aiki a wani busasshen kwari, na tsinci ɓawon katantanwa masu kyau a wani hawa, na aika aka auna, na gina bayani a kan sakamakon har na fara alfahari da shi. Daga baya muka sami gawayi a hawan nan dai, aka auna, sai ya fito ƙaramin yaro a kan katantanwar. Dalili shi ne ruwan kwarin daga ƙarƙashin ƙasa yake ɓuɓɓugowa, ya ratso ta cikin farar ƙasa, ya kwaso tsohon kabon, katantanwar ta gina ɓawonta da shi, ta fito da tsufan da ba nata ba. Tun daga ranar, in ina da zaɓi, iri ko ganye ko gawayin tsiron tudu nake nema. Lakar Jazira, filin noman da ke tsakanin Shuɗin Nilu da Farin Nilu, ita ma tana da nata makircin, wanda kowane manomi a Maiurno ya sani: da rani tana darewa har ƙafar akuya ta faɗa, abin da ke sama ya zube cikin tsagar, damina ta zo ta rufe. Sabon abu ya koma ƙasa ke nan ya zauna tare da tsoho.

Daga zurfin tafki zuwa ruwan sama

Yanzu ga inda tunaninka game da sanyi ya shigo. Tafki kamar asusu ne, ruwan sama da koguna suna zubawa, rana da iska da malala suna ɗiba, kuma abin da laka ta nuna mana shi ne ragowar, ba abin da aka zuba ba. Ɗibar rana ba ƙaramar aba ba ce, ka tuna yarjejeniyar ruwan Nilu ta 1959 sai da ta ware kubik mita biliyan 10 a shekara don abin da zai tashi sama daga tafkin madatsar Aswan. Saboda haka kafin a ce ruwan sama ya ragu da kaza, dole a ƙiyasta zafin lokacin, da yawan gajimare, da ƙarfin iska, da irin tsirran da ke kewaye, kuma kowane ƙiyasi yana shigowa da nasa kuskuren. Da yake sanyi ya rage shanyewa amma duk da haka Biktoriya da Tana suka ƙafe, muna da tabbacin cewa ruwan saman ya faɗi ƙwarai. Amma in wani ya ba ka adadi guda na milimita ba tare da ya faɗi tazarar kuskurensa ba, ka yi taka-tsantsan da shi. A ra'ayina, alkiblar canjin da lokacinsa su ne abin da muka riƙe da ƙarfi, girmansa kuwa ƙiyasi ne.

Kuma kada a ɗauka ko'ina haka aka yi. Ƙaramin Tafkin Cala da ke gindin Kilimanjaro, a iyakar Kenya da Tanzaniya, ya ba da tarihin shekaru 25,000 wanda bai bi sawun Tana ba, domin wurin yana samun damina biyu a shekara daga Tekun Indiya, kuma ya fi amsa canjin hasken rana a kan Ikwaita. Malawi kuma, wanda zurfinsa ya kai kusan mita 700, farinsa mafi tsanani ya auku ne tun tsakanin shekaru 135,000 da 75,000 da suka wuce, inda ruwansa ya sauka da ɗaruruwan mitoci, abin da ya fi na ƙololuwar ƙanƙara nesa ba kusa ba. Ƙanƙarar arewa ba ita kaɗai ke juya daminar Afirka ba. Akwai kuma tangaɗin da duniya ke yi kamar katantanwar wasan yara idan ta fara gajiya, wanda ke cika zagaye cikin kimanin shekaru 21,000, yana sauya watan da duniya ta fi kusantar rana. Yau a farkon Janairu muke kusantarta, amma shekaru 11,000 da suka wuce a tsakiyar bazarar arewa ne, sai zafin ƙasa ya ƙaru, damina ta yi ƙarfi ta kutsa can cikin Sahara.

Abin da ya rage a ƙasarmu

Matsalar Sudan ita ce fari yana goge nasa shafin. Tafkin da ya bushe ba ya ajiye laka, kuma wadda ya tara a baya iska ce ke kwashe ta, kamar yadda har yau take kwashe lakar tsohon Tafkin Cadi daga kwarin Bodele ta watsa wa ƙasar Hausa da hunturu. Shi ya sa labarin zamanin ƙanƙara namu daga tafkunan maƙwabta muke aro shi, sai mu gwada shi da abin da ke kan tudu. Tuddan yashin Kordofan da ake kira goz, waɗanda yau ake noma gero da gyaɗa da karkade a kansu, rairayi ne da ya taɓa tafiya da iska, kuma 'yan uwansu ne jigayin arewacin Kano da Jigawa, shaidar cewa hamada ta taɓa gangarowa kudu da ɗaruruwan kilomitoci. Binciken da Martin Williams ya shafe shekaru yana yi a gaɓar Farin Nilu da Shuɗin Nilu ya nuna cewa da Biktoriya ya daina malala, Farin Nilu ya koma kogin damina kawai har yashi ya riƙa tare masa hanya, Shuɗin Nilu kuma ya riƙa zuwa da tsakuwa da yashi maimakon lallausar lakar da ke cike magudanan Jazira a yau.

Lokacin ni'imar da ya biyo baya, daga kusan shekaru 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce, shi ne muke da tamu lakar. A Salima da Oyo, can arewa maso yamma inda yanzu ake shekaru ba a ga ɗigon ruwa ba, akwai lakar tafki mai ɗauke da ƙurar ciyawa da itatuwan daji. Wadi Hawar, mai tsawon sama da kilomita 1,000, yana kai ruwa daga wajen iyakar Cadi zuwa Nilu. Tafkin Cadi kansa ya kai kimanin murabba'in kilomita 350,000, kuma a wannan zamani ne aka sassaƙa kwale-kwalen Dufuna da aka gano a 1987 a yankin da yanzu ke jihar Yobe, mai shekaru kusan 8,000. Yadda wannan ni'ima ta ƙare har yanzu ana muhawara a kai: lakar teku ta gaɓar Muritaniya ta nuna kamar an yanke ta farat ɗaya wajen shekaru 5,500 da suka wuce, alhali Tafkin Yowa na arewacin Cadi, mai hawa ɗaya a kowace shekara na tsawon shekaru 6,000, ya nuna tsirrai sun ja da baya ne sannu a hankali.

In kana son ɗalibanka su taɓa abin da hannunsu, ka jira kogi ya janye bayan kharif, ka kai su inda masu bulo suka yanki gaɓa. Su kankare fuskar ramin da fartanya daga sama zuwa ƙasa, su auna kaurin kowane hawa, su murza shi tsakanin yatsu su rubuta wanda ya yi santsi da wanda ya yi gautsi, su tsinci katantanwa da gawayi da saiwa, kowanne a ledarsa da zurfin da aka same shi. Inda suka ga yashi mai kauri a kan laka, ka tambayi yaron nan ko ambaliya ce ta kawo shi ko iska, sannan ya faɗa maka wace shaida zai nema kafin ya tsaya a kan ɗaya.